Ba Lasifikar Ce Ta Lalace Ba: Yadda Ake Gane Inda Sauti Ke Tsinkewa Tsakanin Waya Da Amfilifaya

Duk wanda ya saba zuwa biki ko walima a Tsafe ya san wannan yanayin. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, janareta na ta ruri a bayan gida, mai hayar kayan sauti ya jona wayarsa da amfilifaya ya saki waƙa. Minti goman farko komai lafiya lau. Can sai a ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Jim kaɗan a sake jin wani. Kafin a ankara murya ta fara yankewa, jama'a sun juyo suna kallon matashin da ke zaune gaban kaya, shi kuma yana ta murɗa maɓallan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Da safe ya gwada kayan nan a shago, bai ji komai ba.

Asarar takan zo daga baya. Masu biki su rage masa kuɗi, ko su nemi wani a karo na gaba, kuma a garin da kowa ya san kowa irin wannan labari ba ya kwana. Washegari ya ɗora amfilifaya a mota zuwa Gusau ko Funtuwa, a kan hanyar da a 'yan shekarun nan ba mai son hawanta ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, mai gyara ya buɗe ya ce masa lafiyarta ƙalau. Wani ma ba ya bi ta kan gyara, sabuwar sifika yake saye, ya dawo gida ya tarar ƙas ɗin na nan yana jiransa.

Sau tari laifin ba ya cikin manyan kayan da ake zargi. Yana wani ɗan lungu da ido ba ya gani, wurin da lambobin da ke cikin waya ke rikiɗewa su zama lantarki. Kuma ba masu sautin biki kaɗai wannan lungu ke wahalarwa ba. Injiniyoyin da ke aiki da katin tattara bayanai a ɗakunan gwaje-gwaje da masana'antu, katin da kuɗin guda ɗaya kan iya sayen kayan sautin biki gaba ɗaya, da irin wannan ciwon kai suke fama. Abin da suka fi mai sautin biki da shi kawai, sun daɗe da gane cewa kowace irin matsala da kamanninta, don haka ba sa ɗaukar sukudireba sai sun tantance wace ce a gabansu.

Inda lamba ke zama lantarki

Waƙar da ke cikin waya ba sauti ba ce, jerin lambobi ce. Sifika kuwa ba ta san lamba ba. Abin da ta sani shi ne lantarki mai hawa da sauka, wanda ke tura takardar bakinta gaba da baya har ta kaɗa iska kunne ya ji. Irin wannan lantarki mai gudana babu yankewa shi ake kira siginar analog. Tsakanin lambobin da siginar akwai ɗan tafinta, wani ƙaramin sashe na lantarki da ake rubuta sunansa da haruffa uku, DAC. A kowane sakan ɗaya yana karɓar lambobi 48,000 na kunnen dama da wasu 48,000 na kunnen hagu, ya mayar da kowace zuwa wani mataki na ƙarfin lantarki. Waƙoƙi da yawa kuma da 44,100 aka naɗe su, ƙa'idar da aka gada daga faifan CD tun 1982. A sautin da aka saba da shi, kowace lamba tana zaɓen mataki ɗaya ne daga cikin matakai 65,536.

Katin tattara bayanai, wanda masu sana'ar ke kira DAQ, yayan wannan ɗan tafinta ne. Ana soka shi a cikin kwamfuta ko a jona shi ta USB. Ta gefe ɗaya yana karanto abin da na'urorin auna zafi ko nauyi ko girgiza suka ji. Ta ɗaya gefen kuma yana fitar da lantarki, galibi tsakanin volt 10 ta ƙasa da sifili zuwa volt 10 ta sama, don ya juya wata mota ko ya girgiza teburin da ake gwada ƙarfin kayan jirgi a kai. Ɗaya daga cikin sanannun masu ƙera shi shi ne National Instruments, kamfanin da aka kafa a birnin Austin na jihar Texas a Amurka a 1976.

Hanya biyu kati ke fitar da lantarki. Ta farko mai sauƙi ce: kwamfuta ta ce saka volt 3, ya saka, ya jira umarni na gaba. Wannan ya isa ga abin da ba ya sauri. Amma in ana son lamba dubu arba'in da takwas a sakan, kowace a daidai lokacinta, kwamfuta ba za ta iya tsayawa a kan katin tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya ba. Sai a koma hanya ta biyu, wadda za a iya kira tsarin kowa da agogonsa: kwamfuta ta tara lambobi a wata ma'ajiya, katin ya riƙa ɗiba da bugun agogon kansa, ita kuma ta tafi wasu ayyukan ta riƙa dawowa tana ƙarawa. Da wannan hanya ta biyu kowace wayar hannu ke fitar da sauti.

Misali mafi kusa shi ne injin niƙa. Da zarar an tayar da shi, da gudunsa yake juyawa, ba ruwansa da ko yaron da ke zuba hatsi ya shirya ko bai shirya ba. Abin da ke ba yaron sarari shi ne mazubin da ke saman injin. Ya cika shi da kwano biyu ko uku, ya juya ya karɓi kuɗi, ya dawo ya ƙara kafin ya ƙare. In ya tsaya hira har mazubi ya zama wayam, injin ba zai jira shi ba, sai dai a ji ƙarfe na cin ƙarfe. Mazubin nan shi ne bafa a yaren kwamfuta, yaron shi ne masarrafar waya, injin kuma shi ne DAC.

Lokacin da mazubi ya ƙare

Bafar sauti ƙarama ce ƙwarai. Wadda ke ɗaukar lambobi 480, a gudun 48,000, cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan take ƙarewa. Wato masarrafa sai ta dawo ta zuba sau ɗari a kowane sakan, kuma makara ɗaya tak ta isa a ji ta a bakin lasifika. Idan lambobi suka yanke, lantarkin da ke tafiya a hankali sai ya faɗo sifili farat ɗaya ya sake tashi. Wannan tsallen shi kunne ke ji a matsayin ƙas.

A wurin injiniya abin ya wuce ɓacin waƙa, domin injin da katin ke sarrafawa zai iya fizga. Shi ya sa katunan ke gwammace su tsaya cak su kai ƙara. Masu amfani da manhajar National Instruments sun san lambar kuskure -200290, wadda ma'anarta ita ce manhaja ta kasa zuba sababbin lambobi a kan lokaci, don haka an dakatar da fitarwa don kada a maimaita tsofaffi. A babbar manhajar Linux, tsarin Comedi mai kula da irin waɗannan katuna da tsarin ALSA mai kula da sauti duk da suna ɗaya suke kai rahoton wannan matsala, EPIPE, wato fasasshen bututu. Android kuwa a kan Linux aka gina ta. Waya dai ba ta nuna wa mai ita lambar kuskure, shiru take cusawa a gurbin ta wuce.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne babbar manhaja mai cika alkawarin lokaci. Ba sauri ake nufi ba. Ana nufin in an ce aiki kaza zai samu masarrafa kafin lokaci kaza, to zai samu ko me ke faruwa. Tsare-tsare irin su RTAI da Xenomai don haka aka yi su, kuma sai a ƙarshen 2024, a zubi na 6.12, wannan damar ta shiga cikin asalin Linux bayan kusan shekara ashirin ana aiki a kanta. Android tana fifita aikin sauti a kan sauran ayyuka, amma fifiko daban, alkawari daban.

A nan ne asirin gwajin safe yake. Da safe a shago waya a sanyaye take, ba abin da take yi sai waƙa. A wurin biki kuwa tana cikin rigarta ta roba, an ɗora ta a kan amfilifaya mai huci, tana caji, ga zafin bazara wanda a wannan yanki kan kai maki 40 tsakanin Maris da Mayu. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun masarrafa don kada ta ƙone. Ga saƙonnin WhatsApp na shigowa da hotunan bikin da ake ciki. Ga tsarin tattalin batir, wanda a wasu wayoyin da an kashe fuska yake fara takura wa manhajojin da ke aiki a bayan fage. Yaron injin niƙa ne aka ɗora wa aike goma, kuma ga zazzaɓi.

Alamar wannan matsala ita ce rashin tsari. Ƙas ɗin ba ya zuwa a ƙayyadadden lokaci. Yana ƙaruwa in an buɗe wata manhaja, ko an kashe fuska, ko bayan waya ta ɗauki zafi. Kuma yakan fi yawa a manhajojin DJ fiye da manhajar sauraren waƙa ta yau da kullum, saboda manhajar DJ da gangan take neman ƙaramar bafa don in an taɓa fuska sauti ya amsa nan take. Wasu daga cikinsu suna da wurin ƙara girman bafa a saiti. Amsawar za ta ɗan yi nauyi, amma a wurin biki babu wanda zai lura da jinkirin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan, alhali kowa yana jin ƙas.

Sauran maganin ba ya cin ko kwabo: a cire wa waya riga, a ɗauke ta daga kan amfilifaya a sa ta a inuwa, a kashe tattalin batir, a rufe sauran manhajoji. Katin memori ma abin dubawa ne. Na jabu, irin wanda aka rubuta wa girman da bai kai ba, yakan yi tuntuɓe wajen karanto fayil, don haka waƙoƙin aiki gara a kwashe su zuwa cikin ma'ajiyar wayar kanta.

Kada a haɗa wannan da tsayawar waƙar da ake saurara kai tsaye daga intanet. Ita ma bafa ce ta ƙare, amma wata babba ce mai ɗaukar sakanni da dama, kuma alamarta doguwar shiru ce da ɗan da'irar nan mai juyawa a fuska. Wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021 ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin zuwa wurin masu turi ko sauke waƙa tun kafin ranar aiki ba.

Adafta da rikicin agogo biyu

Shekarun baya DAC na cikin waya ne, sautinsa ya fito ta ramin iyafis, magana ta ƙare. Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016, Google ya bi sahu da Pixel 2 a 2017, Samsung kuma da Galaxy Note 10 a 2019. Yawancin Tecno da Infinix da itel masu sauƙin kuɗi har yanzu suna da shi, amma manyan samfuransu sun fara ajiye shi, ga kuma tsofaffin iPhone da Samsung da ke yawo a hannun matasa. Don haka adafta, ɗan guntun kebul ɗin nan da ake sokawa a wurin caji, ta zama kayan aiki.

Adaftar USB-C iri biyu ce, kuma a ido ba a bambance su. Ɗaya wayoyin tagulla ne kawai a ciki, tana jiran waya ta turo mata sautin analog da aka riga aka sarrafa. Ɗayar tana da nata DAC ɗin a ɓoye a cikin kanta, lambobi take karɓa. Wayoyin Pixel, da Samsung marasa ramin iyafis, da iPhone 15 zuwa sama ba sa fitar da analog ta wurin caji. In aka soka musu iri na farko, ko dai shiru, ko waya ta ce ba ta san na'urar ba. Adaftar ba ta lalace ba, wayar ma haka, ba su dace da juna ba ne kawai. Mai saye ya duba haruffan DAC a jikin kwali, kuma ya gwada a wayarsa kafin ya bar gaban mai shago.

Akwai wasu dalilan shiru guda biyu da ke sa mutane jefar da adafta mai lafiya. A wayoyi irin su Oppo da Realme sai an kunna OTG a saiti, kuma yakan kashe kansa bayan minti goma in ba a jona komai ba. Sannan a sashen saitin masu ƙirƙirar manhaja, wanda matasa ke son buɗewa don ƙara wa waya sauri, akwai maɓallin da aka rubuta wa Disable USB audio routing. In hannu ya taɓa shi, sauti ba zai bi ta USB ba har sai an mayar.

Adafta mai DAC kuma tana zuwa da sabuwar matsala: agogo ya zama biyu, na waya da nata. A tsarin USB na sauti, waya kan aika ƙunshin lambobi sau dubu a sakan, kowane ƙunshi da lamba 48 na kowane kunne, kuma ƙunshin da ya lalace a hanya ba a sake aiko shi, don babu lokacin jira. To agogon wa za a bi? Ƙa'idar USB ta ba da hanya uku. Ko adafta ta ɗaure agogonta da bugun USB na waya, ko ta riƙa lura da yawan abin da ke shigowa tana daidaita gudunta, ko kuma ta tsaya a kan nata agogon ta riƙa aika wa waya saƙo cewa ƙaro kaɗan, rage kaɗan. Ta ukun ita ce ta kowa da agogonsa, irin ta katin injiniyoyi.

Dalilin duk wannan wahala shi ne babu agogo biyu a duniya da ke tafiya daidai. A ɗauka agogon adafta ya fi na waya sauri da kashi 50 cikin miliyan, bambancin da ba a ɗauke shi aibi ba a kayan lantarki masu araha. A gudun 48,000, adafta za ta riƙa cinye lamba 2.4 fiye da abin da ake kawo mata a kowane sakan. In rarar da ke cikin bafarta lamba 240 ce, kuma ba a daidaita komai ba, cikin sakan 100 rarar ta ƙare. Sai ƙas. A sake tarawa, a sake cinyewa, a sake ƙas.

Shi ya sa alamar rikicin agogo kishiyar ta farko ce: yana zuwa a kan tsari, tazara kusan ɗaya, ko waya na da zafi ko babu, ko ana taɓa ta ko an ajiye. Mutum zai iya duba agogon hannunsa ya faɗi lokacin da na gaba zai zo. Babu saitin da ke gyara shi, sai canza adafta. Gaskiyar magana dai, a cikin matsalolin nan wannan ce ta fi ƙaranci, kuma masu tallar kayan sauti masu tsada sun fi kowa son zuzuta ta. Adafta ta ƙwarai mai matsakaicin kuɗi, kowace hanya ta bi cikin ukun, ta ishi taron biki.

Bayan lamba ta zama lantarki

Kaso mai yawa na abin da ake ji a wuraren taro ma ba daga ɓangaren lambobi yake ba. DAC ya gama aikinsa lafiya, a kan hanyar zuwa amfilifaya ne siginar ke kwasar datti. Su ma injiniyoyi in sun ga layin lantarkinsu ya yi gashi-gashi a fuskar na'urar dubawa, wayar ƙasa suke fara bincika kafin su zargi kati.

Gurnani mai kauri da ba ya yankewa, wanda ke nan ko an tsayar da waƙa, na wutar lantarki ne. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, janareta ma haka ake son ya yi, kuma wannan juyin ne ke shiga cikin sauti. Yakan faru in waya na caji daga janaretan da amfilifaya ke sha, sai lantarki ya samu hanya biyu tsakaninsu, ɗaya ta kebul ɗin sauti ɗaya ta caja. Caja mai arha kuma tana ƙara nata tsiwa mai kama da kukan sauro. Gwajin sakan biyu ne: a zare caja. In ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo. A cika batir kafin taro, ko a yi caji da fawabank da ba a jona da komai ba, ko a sa ɗan akwatin raba ƙasa mai ƙaramar taransifoma a ciki tsakanin waya da amfilifaya.

Akwai kuma dit-dit-dit-dirrr ɗin da ke zuwa gab da shigowar kira. Wannan na layin 2G ne. Waya a kan 2G ba ta watsa sigina a jere, tana harbawa ne kashi-kashi kusan sau 217 a sakan, kuma wannan adadi yana cikin abin da kunne ke ji. In ta yi nisa da turken sadarwa sai ta ƙara ƙarfi, har zuwa watt 2. Saboda haka mai kayan da ba ya jin komai a cikin garin Gusau zai iya shan mamaki in aiki ya kai shi wani ƙauye a bayan Tsafe ko Bungudu inda waya ke faɗawa 2G. Wayar da ke ba da sauti a sa ta a yanayin jirgin sama, sauran wayoyi kuma a nisanta su da kebul da miksa. Wannan ya kuma kawar da abin kunyar nan na kira ya shigo unguwa duka ta ji.

Sautin da ke farfashewa in an kai wurin ganga ko mawaƙi ya ɗaga murya, yawanci cushe ne ya yi yawa. Waya in an ƙure ta tana iya fitar da abin da ya kai kusan volt 1, ramin makirufo kuwa an yi shi ne don siginar da ba ta wuce 'yan kaso cikin dubu na volt ba. Soka waya a ramin makirufo kamar ɗura wa jariri tuwo ne. A nemi ramin da aka rubuta wa AUX ko LINE, a bar ƙarar waya a wajen kashi uku cikin huɗu, a ƙarasa da amfilifaya. Wannan farfashewar ba kunne kaɗai take ɓata wa rai ba, tana ƙona ƙananan sifikun da ke fitar da siririn sauti.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ɓacewar murya. Kiɗa na tashi sama-sama, amma mawaƙi kamar daga cikin rijiya yake waƙa. Dalili shi ne murya galibi daidai wa daida ake sa ta a kunnen dama da na hagu. In wayar ƙasa ta kebul ta tsinke, ko kan kebul bai shige ramin har ƙarshe ba saboda ƙurar hunturu da zaren aljihu sun taru a ciki, abin da ke isa sifika shi ne bambancin da ke tsakanin dama da hagu, sai duk abin da suka yi tarayya a kai ya soke juna. Haka ma in an ɗauki dama da hagu na waya da kebul mai zobe biyu aka soka a rami ɗaya na miksa irin wanda aka ƙera don ya debe sigina ɗaya daga ɗaya. Masu saka karatu ko wa'azi a lasifikar masallaci da makarantun Islamiyya sun fi kowa shan wannan, domin irin wannan naɗi sau da yawa dama da hagunsa abu ɗaya ne, don haka kusan komai ke ɓacewa, a yi ta ƙara murya ba a jin sai huci. Kebul mai rabuwa biyu, kowane kai a raminsa, shi ne maganin.

Yadda masu kati ke farautar laifi

Injiniya ba ya gwada kati da sigina mai sarƙaƙiya. Yana sa shi ya fitar da lanƙwasa guda mai santsi, mai maimaita kanta, don ko ɗan karce ya bayyana. Mai waya ma yana da wannan damar. Akwai manhajoji na kyauta masu fitar da sauti guda miƙaƙƙe, kuma wanda ke kaɗawa sau 1,000 a sakan ya fi dacewa. Waƙa tana ɓoye ƙas a cikin ganga da kalangu, miƙaƙƙen sauti ba ya ɓoye komai. Sai dai a rage ƙara, don yana gajiyar da kunne kuma yana gasa sifika in an daɗe da ƙarfi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a raba hanyar gida biyu. A cire amfilifaya gaba ɗaya, a sa iyafis a waya ko a adafta, a saurara na minti goma, kuma a yanayin da matsalar ke faruwa, wato waya da zafinta da manhajar da ake aiki da ita. In ƙas ɗin na nan a iyafis, amfilifaya da sifika sun fita daga zargi, saura a duba ko mai tsari ne ko marar tsari. In iyafis ya fito tas, laifin na gaba: kebul, caja, janareta ko amfilifaya. Daga nan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya canza kebul da adafta da waya a lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san wanne ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo daga farko zai fara.

Masu gyaran waya suna da ƙarin hanya a kan teburinsu. A sa manhajar ta fitar da sautin da ke kaɗawa sau 50 a sakan, a juya mita zuwa awon lantarki mai juyawa, a ɗora tsinke ɗaya a kan bakin kebul ɗaya a gindinsa. Mita za ta nuna wani abu daga ɗan kaso na volt zuwa wajen volt 1, gwargwadon wayar da ƙarar da aka sa. A sake aunawa a zoben da ke bin bakin. In ɗaya ya nuna ɗaya bai nuna ba, ko adadin na tsalle in an lanƙwasa kebul, ba sai an buɗe waya ba.

Ɗalibin da ke haɗa aikin kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda zai haɗu da waɗannan abubuwa da hannunsa in ya ɗauki allon ESP32. Na asalin yana da DAC biyu a ƙafa ta 25 da ta 26, masu matakai 256 kacal. In ya riƙa miƙa lambobi ɗaya bayan ɗaya daga cikin manhajarsa, da Wi-Fi ya motsa zai ga siginar ta karkace. In ya koma tsarin bafa da agogo, sai ya kiyaye kuskuren da masu manyan katuna ma ke yi a ranar farko: tayar da fitarwa kafin a zuba komai a bafa. Katin yakan tsaya tun bai fara ba, mutum ya kwana yana neman laifi a wayoyin da ya jona. A fara cika mazubi, sannan a tayar da inji.

Amfilifaya ma tana lalacewa, ba a ce ba ta yi. In ƙarar ƙasa-ƙasa na tashi daidai lokacin da ake murɗa maɓallin ƙara, ƙura ce ta shiga cikinsa, kuma ana wanke shi da feshin da masu gyaran rediyo ke amfani da shi. In sauti na ɗaukewa gaba ɗaya duk lokacin da ganga ta buga da ƙarfi, fitilar rumfa na dusashewa tare da shi, janaretan ne ya yi wa kayan kaɗan. In kuwa iyafis ya fito tas, an zare caja, an canza kebul, an gwada wata wayar, an kuma gwada a wata wutar, amma gefe ɗaya na amfilifaya na ci gaba da kakari ko yana ɗaukar zafi fiye da ɗan'uwansa, to wannan ce amfilifayar da ta cancanci kuɗin motar Gusau.